Ƙofofi huɗu za su ishi hangar iska? Amsa ga wani dattijo a Jidda

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da wata warshar ƙera ƙofofi da tagogin ƙarfe a kudancin Jidda. Wuri ya yi mana kaɗan, shi ne mai warshar zai gina hangar, wato babbar rumfar ƙarfe mai bango, mai tsawon mita 60, faɗi mita 40, tsayin bango mita 9. Ofishin injiniyoyin da ke mana zane ya ce doka na son kafofin iska su kai kashi 4 cikin 100 na faɗin daɓe. Muƙawil, wato ɗan kwangilar ginin, kuma ya ce ƙofofi huɗun da za a sa, kowacce mita 5 sau 5, sun riga sun cike wannan gurbi, kada mu ɓata kuɗi. Yaranmu talatin ne, masu walda da masu fenti. Maganar wa za mu bi?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara girma da lafiya.

Muƙawil bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya faɗa. Daɓenku murabba'in mita 2,400 ne, kashi 4 cikin 100 ɗinsa 96 ke nan, ƙofofinku huɗu kuma sun ba da 100. Kundin dokokin gini na Saudiyya, a sashensa mai suna SBC 501, wanda aka ɗora a kan kundin da ake aiki da shi a Amurka, ya yarda a lissafa ƙofa tare da taga da luba (taga mai jerin ƙarafa a karkace da iska ke ratsawa) da duk wata kafa da ke buɗewa waje, muddin waɗanda ke cikin ginin za su iya kai hannu su buɗe ko su rufe. Saboda haka a kan takarda kun haye, har da rarar mita huɗu. Amma takarda ba ta zufa. Yaranka talatin su ne za su tsaya a ciki da ƙarfe biyun rana a watan Agusta.

Wannan kashi 4 ɗin mafi ƙanƙantar abin da doka za ta lamunta ne, kuma adadi ɗaya ne ga aji da shago da ɗakin ajiya. Bai san akwai injinan walda a ciki ba, bai san rufin kwano ne a ƙarƙashin ranar Jidda ba. An sa shi ne don mutum ya sami iskar shaƙa. Kwashe zafi da hayaƙi daga gini mai girman kashi ɗaya cikin uku na filin ƙwallo wani lissafi ne daban.

Abu biyu ne kawai ke tura iska a cikin gini idan babu inji. Na farko kaɗawar iskar waje: tana danna bangon da ta fuskanta, tana tsotsar na baya, sai ta ratsa in ta sami hanya. Na biyu, iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, kullum sama take nema. Duk wanda ya taso a gida ya ga wannan a madafar jinka: hayaƙi ya tashi ya tsiyaye ta cikin ciyawa, mai tuƙa tuwo tana tsugune a ƙasa tana samun sauƙi. Ranar da aka sauya jinkar da kwano ba a bar kafa ba, ranar idonta ya fara hawaye. Magina tsohuwar Jidda sun san wannan sarai. In ka shiga Balad, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ka ɗaga kai ka dubi rawashin, tagogin katakon nan masu huda-huda da suka turo waje, da yadda gidajen suka yi tsawo. Iskar teku na shiga ta ƙasa, mai zafi na bin matakala ta fice ta sama. Ba ado kawai suka yi ba.

To ƙofofinku duka a ƙasa suke. Daga mita 5 zuwa tsororuwar rufi, wadda za ta kai wajen mita 11, babu ko huda ɗaya. Iska mai zafi da hayaƙin walda za su taru a can kamar an kife ƙwarya, su yi ta kauri suna saukowa har su iso kan mutane. Ranar da iskar waje ke kaɗawa, ƙofofin za su yi aiki. Ranar da gari ya yi tsit, ganye ma ba ya motsi, babu abin da zai fita. Kuma ƙofa abar rufewa ce. Ana rufe ta in iskar azyab ta taso daga kudu da ƙurarta, ana rufe ta saboda ɓarayi, ana janyo rabinta in rana ta leƙo kan mai aiki. Duk lokacin da aka saukar da biyu, kun koma kashi 2.

Inda aka sa ƙofofin ma ya fi yawansu muhimmanci. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi, wadda ke cikin ma'auni mai lamba 62.1 na ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin iska da sanyaya gini ta Amurka, ita ce: in kafofin a bango ɗaya suke, iska ba ta shiga ciki fiye da ninki biyu na tsayin ɗakin, in suna fuskantar juna a bango biyu, tana iya ratsa ninki biyar. A wurinku ninki biyu mita 18 ne, ninki biyar mita 45. Ka ga idan aka jera ƙofofi huɗun a gaba don saukin lodin mota, kamar yadda masu hangar suka fi so, fiye da rabin ginin ya zama matacciyar kusurwa. Idan kuwa biyu na dogon bangon arewa, biyu na na kudu, faɗinku na mita 40 ya shiga cikin 45 ɗin nan da kyar. Iskar Jidda mafi yawan shekara daga arewa da arewa maso yamma take zuwa, don haka in fili ya ba da dama, dogon bango ya kalli arewa. Ka kuma je da kanka ka ga abin da ke wannan ɓangaren. In hangar maƙwabci ce da ta fi taku tsawo a manne da katanga, ta riga ta shanye iskar. In kuma nan ne tireloli ke tsayawa da inji a kunne, hayaƙin gas za ku riƙa zuƙowa. Kundin ma ya ce kafar shigar iska ta nisanci irin waɗannan wurare da aƙalla mita 3.

Bari in yi maka lissafin da nake so ofishin ya yi, da ƙiyasi, don ka ga girman abin. Mu ɗauka zafin da ke taruwa a ciki, na rufi da na injina da fitilu da jikin mutane, ya kai kilowat 300. Mu ce mun yarda iskar da ke fita ta sama ta fi ta waje zafi da digiri 6. Kowane kubik mita na iska da ke wucewa a daƙiƙa, a irin zafin nan, yana ɗaukar kimanin kilowat 1.15 kan kowane digiri ɗaya. In ka raba, sai ka ga ana buƙatar wajen kubik mita 43 su wuce a kowace daƙiƙa, wato a sauya iskar ginin gaba ɗaya kusan duk minti tara. Yanzu a ranar da babu kaɗawa, ƙarfin tashin iska mai zafi kaɗai za a dogara da shi. Da tazarar mita 8 tsakanin mashiga da mafita, da bambancin digiri 4 a matsakaici, gudun da za a samu bai kai mita ɗaya a daƙiƙa ba. Lissafin na ƙarewa a kan kimanin murabba'in mita 72 na mashiga a ƙasa, da wani 72 na mafita a sama. Jimla 144, wato kashi 6 cikin 100, kuma rabinsa a tsororuwa, inda muƙawil bai bar ko taku ɗaya ba.

Abin bai kai tsadar da ake tsoro ba. Tsororuwarku mita 60 ce. In aka buɗe ta daga farko zuwa ƙarshe da maƙogwaro mai faɗin mita 1.2, aka ɗora mata hula mai kare ruwa, an sami 72 ɗin. Masu ƙera hangar suna da irin wannan a shirye, kuma a sa shi tun a zane ya fi araha nesa ba kusa ba a kan a dawo ana yanka kwano bayan an tare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙofofinku kuma a lokacin sun sami abokin aiki, su zama mashiga. Sai a ƙara jerin luba a ƙasan dogayen bangayen biyu, daga kamar rabin mita zuwa mita 2 daga daɓe, waɗanda za su ci gaba da shaƙa ko an rufe ƙofa. Mashiga ta ɗan fi mafita girma, kada a yi akasin haka, don in ta yi ƙaranci wani ɓangaren tsororuwar kan juye ya riƙa zuƙo iska ciki, ya dawo da hayaƙin ƙasa.

A nan ne ake yawan cutar masu gini, Alhaji, sai ka sa ido. Luba mai faɗin mita ɗaya sau ɗaya ba ta ba da kafar mita ɗaya. Ƙarafan lubar da firam ɗinta sun cinye kusan rabi. In aka sa mata raga, ya ƙara raguwa. Irin wadda ake sawa don tace yashi kuwa, mai ƙarafa a tsaye da ke sa iska ta yi kwana kafin ta shiga, ta fi kowacce toshe hanya. Don haka in an kawo maka zane an rubuta luba mita 96, tambayarka ita ce: girman ramin bango ne, ko ainihin kafar da iska za ta bi? Kowane kamfani na rubuta wannan adadi a takardar kayansa. Wanda ya ƙi nuna maka, akwai dalili.

Maganar raga kuma, kada a sa ta sauro. Na taɓa zuwa duba wani mustauda, wato babban ɗakin ajiyar kaya, a hanyar Makka da ake kukan zafi, mai wurin yana ta rantsuwa cewa ya kashe kuɗi a kan luba. Da na shafa ragar, sai hannuna ya fito da wani abu kamar tsohon bargo. Ƙura da danshi sun haɗu sun like idanunta kaf. Ta ciki kuma an jera kwalaye har saman lubar, tun da a ganin masu lodi bango wurin jingina kaya ne. A kan rufi akwai kwandunan ƙarfen nan masu juyawa guda goma sha wani abu, suna ta walwali a rana. Na ce a samo mini kasko da turaren wuta, muka fita da kayan da ke iya kamawa daga kusurwar, na ajiye shi a daɓe a tsakiyar ginin. Hayaƙin ya miƙe kamar sanda, ya kai tsayin mutum biyu, ya tsaya yana lilo, bai nufi ko'ina ba. Da muka janye kwalayen bango ɗaya muka ɓalle raga biyu, nan take ya kwanta ya bi hanya. Mai wurin ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Kwandunan nan maƙogwaronsu ƙarami ne, juyawarsu ta fi aikinsu yawa, kuma ko sun ja, ba su da inda za su jawo. Raga mai ido kamar santimita ɗaya ko ɗan fiye ta isa ta hana tantabaru, waɗanda in ba a tare su ba a tsororuwar za su yi sheƙa su yi ta zuba kashi a kan ƙarfen da kuka gama shafawa. A ja layin fenti a daɓe, mita ɗaya daga luba, a ce haram ne ajiye kaya a ciki. A kuma sa wanke raga cikin aikin ranar Alhamis.

Kafin duk wannan akwai rufin kansa, kuma da za a ce kuɗin abu ɗaya kawai ke akwai, a nan zan zuba shi. Da tsakar rana kowane murabba'in mita na rufi yana karɓar kusan kilowat ɗaya daga rana. Naku 2,400 ne. Ko kashi ɗaya cikin goma ne ya ratso, kilowat 240 ke nan, ya kusa cinye duk lissafin da muka yi a sama. Kwano tsirara kan yi zafin da ba a iya dafa shi da hannu, kuma yana gasa mutum daga sama kamar yadda garwashi ke gasa mai tsire ko da iska na kaɗawa. Wannan nau'in zafi iska ba ta kwashe shi, sai dai a tare shi. A sa kwano mai ɓargon tare zafi a tsakiya, wanda a kasuwa ake kira sandwic fanel, fari fat ta waje. Kwanon roba mai shigo da haske a taƙaita shi, ko a mai da shi bangon arewa, don kowane ɗaya a rufi murhu ne.

Sai gaskiyar da ba kowa ke son ji ba: iskar Allah ba ta sanyaya gini ƙasa da zafin waje. In waje na digiri 40, mafi kyawun hangar a duniya za ta ba ka 42 ko 43 a inda mutane suke. Aikinta ta hana 40 zama 50. Jidda kuwa ta taɓa kai digiri 52 a watan Yunin 2010. Dokar Ma'aikatar Ƙwadago da ke hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, ta shafi masu aiki a fili ne, amma zafi bai san wannan iyaka ba. Mai walda a cikin rigar fata da hular ƙarfe yana iya faɗuwa a inuwa. Wani zai ce a sa mukayyif sahrawi, na'urar sanyaya ɗakin nan mai aiki da ruwa. A Riyad ko Madina, inda iska ke bushe, yana aiki sosai, don da ƙafewar ruwa yake sanyaya wuri. A Jidda iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, sai ya ƙara muku danshi da tsatsa a banza. Abin da ya fi amfani a nan shi ne motsa iska a jikin mutum don zufa ta bushe, da fankokin rufi manya masu juyawa a hankali ko na tsaye a kowane layin aiki, da ɗaki ɗaya ƙarami mai mukayyif na gaske da ruwan sanyi, inda yaro zai shiga ya huce ya dawo. Sai dai a kula da masu waldar gas: iska mai gudun da ya wuce kamar mita 2 a daƙiƙa tana kore gas ɗin da ke kare bakin walda, ɗinkin ya fito da ƙuraje. Su a yi musu shinge, fankar ta bugi bayansu ba hannunsu ba.

Yanzu ga inda ba na sassautawa. Walda da fenti ba sa cikin abin da kashi 4 ko kashi 10 ke magancewa. Kundin ya ware musu babi daban, na fitar da gurɓatacciyar iska da inji, kuma buɗe taga ba ya ɗauke wannan wajibi. Dalilin a bayyane yake: hayaƙin walda sai ya bi ta hancin mai walda kafin ya kai tsororuwa. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa tun 2017. Na kusa kuma ka san shi: yaro ya yini yana walda farin ƙarfe mai rufin zinki, da dare zazzaɓi da ciwon gaɓɓai su rufe shi, da safe ya warware, a ce shawara ce ko sanyi. Hayaƙin zinki ne. Madarar da ake ba su ba ta tare komai, abinci ce kawai. Maganin shi ne shaffaɗ, wato fankar zuƙe hayaƙi, mai hannu da ake janyowa kusa da bakin aiki, kamar taku ɗaya, ya tsotse hayaƙin ya fitar ta bututu sama da rufi, nesa da luba. Fenti kuma ɗakinsa daban, a rufe, da matata da fankar da ba ta tartsatsi, nesa da masu walda gwargwadon iko. Tururin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe, tsororuwa ba ta ganinsa, tartsatsi ɗaya kuma ya ishe shi. Waɗannan shaffaɗai ƙanana ne, wutar da za su ci ba ta kai ta injin walda biyu ba.

Difa'ul Madani, wato masu kashe gobara, na da nasu lissafin a SBC 801, kuma kafar fitar hayaƙin gobara ba ita ce kafar shan iska ba, ko da a rufi ɗaya suke zaune. Tsororuwa a buɗe da manyan fankoki na iya shafar yadda mayayyafan ruwan kashe gobara ke jin zafi, shi ya sa ake haɗa fankokin da ƙararrawa su tsaya da kansu in ruwa ya fara zuba. A nuna wa mai zanen kashe gobara tsarin iskar tun kafin a kai takardu, ko baladiyya, wato hukumar birni, ce ke ba ku izini ko hukumar Modon in filin na cikin garin masana'antu. Kada kuma a raina ruwan sama don ba ya yawan zuwa. Wanda ya ga Nuwamban 2009 da na 2022 a Jidda ya san yadda yake zuwa in ya tashi, a karkace, da iska. Hular tsororuwa ta kasance mai magudana a ciki. Luba kuma ta alminiyom ce ta dace da ku, iskar teku na cin baƙin ƙarfe cikin 'yan shekaru.

Idan ka koma ofishin, ka gaishe su, ka ce ka yarda da kashi 4, amma kana son su rubuta maka a shafi ɗaya yawan zafin da suka ƙiyasta a ginin, da kubik mita nawa za su wuce a ranar da babu iska kuma ƙofofi biyu na rufe, da ainihin kafar kowace luba bayan an cire firam da raga. Muƙawil kuma a riƙe wani abu daga kuɗinsa har a yi gwaji. Ranar gwajin a zaɓi bayan azahar, injina na aiki, a rataya ma'aunin zafi ɗaya a inuwa a waje, uku a ciki a daidai ƙirjin mutum: tsakiya, kusurwar da ta fi nisa da ƙofa, da wajen masu walda. In na ciki ya haura na waje da fiye da digiri 3 ko 4, a ɗauko kaskon turare a bi hayaƙin a ga inda ya tsaya.

Allah ya sa a tare a sa'a, a gaida yaran warsha.